Ranar da Na Yi Huɗa a Kan Tabulo

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da na so. Lokacin ƙasarmu tana Dahomey, ni kuma sabon malamin lissafi ne a wata lakwal, wato makarantar boko, kusa da gar ɗin Parakou, tashar jirgin ƙasa. Aka ce mai duba malamai zai zo daga Kwatano ya ga darasina. In ya gamsu, a tabbatar da ni a aiki. In bai gamsu ba, sai daji.

Darasin ranar kuwa na lissafin "ya fi" da "bai kai ba" ne. Ka ja layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ka ratsa su da na uku, sannan ka nuna gefen da amsa take. To ni ɗan Djougou ne, amma a gonar doyar kawuna a Kolokondé na tashi. A can, inda ka yi wa huɗa shi ne naka, inda ba ka taɓa ba na kowa ne. Saboda haka gefen amsa nake cikawa da zane. (Littafin Faransanci akasin haka ya ce: a zane gefen da aka yar, a bar amsa fes. Na san lissafi ai, me zan buɗe littafi in yi?)

Na ɗauki alli na shiga huɗa. Tambaya mai sharaɗi uku, kowanne na zane masa gefensa, har tabulo, allon ajin, ya yi fari fat, ni ma na yi fari. Mai duba ya nuna Hajara, 'yar Sarkin Fawa, ya ce ta nuna masa amsa. Ta taso ta ɗora yatsa a ɗan lungun da alli bai taɓa ba.

Wallahi raina ya ɓaci! Na ce, "Ke! Wata biyu ina fama da ke, kullum sifiri, har yau kanki bai buɗe ba?"

Ta ce, "Mushe, haka littafi ya ce." (Mushe, haka yara ke kiran malami da Faransanci.)

Mai duba ya miƙa hannu. Ya karɓi kayenta, wato littafin rubutunta, ya karɓi na wasu biyar, yana buɗawa yana kaɗa kai. Duk wanda ya bi littafi na zuba masa sifiri da jan alƙalami, har da "sakarci" a gefe. Ya ɗago ya ce, "Malam, a wace lakwal aka koya maka wannan?"

Da bakina, gaban yara arba'in, na ce, "A gona."

Kai! Dariya har masu dako a gar sun ji. Kunya ta sa na share zufa da tsumman tabulo.

Shekara biyu na yi a wata lakwal ta ƙauye bayan Kolokondé, kawu kuwa ya yi murnar samun hannu duk Asabar. Tun daga nan ba na ɗaga wa yaro murya sai na leƙa littafi tukuna. Hajara ta zama malamar lissafi, ta kuma fi ni girma a aiki. Har yau in mun haɗu a unguwar Kpébié ta Parakou sai ta durƙusa da ladabi ta ce, "Mushe, ya gona?"