Nomau da Tagar da Ta Ƙi Amsa Sunanta

A Tungar Maje, bayan masallacin Juma'a, akwai wani gida mai ƙofar langa-langa da kowa ya sani, ba don girmansa ba, sai don maigidan. Sunansa Nomau, manomin gyaɗa, shekararsa arba'in da biyar. Ba ya ƙarya, ba ya fushi, ba ya ƙin aike. Aibinsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kansa, miƙe sambal. Matarsa Tabawa ta koyi auna kalma tun ranar da ta ce ya sa mata ido a kan tukunya, ta dawo ta tarar miya ta ƙone ƙurmus, shi kuwa yana tsugune ya ƙura wa tukunyar ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

Ta uku a gidan ita ce Kubura, ɗiyar yayarsa, wadda ta gama karatun kwamfuta a jami'a ta dawo gida da kai cike da dabaru. Ta share ɗakin da ke jikin zaure, ta kafa tebur, ta yi wata uku tana rubuta wa asibitin sha-ka-tafi na garin manhaja da Hausa, ta rajistar yara da ranakun allurarsu ta rigakafi. Shugabar asibitin, Malama Dije, mace ce mai magana ɗaya. Ta ce, "Ranar Alhamis zan zo. Ina so in ga an shigar da yara dubu a gabana ba tare da abin ya rikice ba. In ya yi, mun ɗauka. In bai yi ba, sai mu karɓi na Turancin da aka aiko daga birni, ko da rabin ma'aikatana ba sa gane shi."

Yara dubu ba sa shiga da hannu a zama ɗaya. Don haka Kubura ta rubuta wata 'yar manhaja ta biyu, ta sa mata suna Mai Gwaji. Kowane akwati mai kusurwa huɗu da ke buɗewa a fuskar kwamfuta, taga ake ce masa. Aikin Mai Gwaji shi ne ya kira tagar rajista da sunanta, kwamfuta ta faɗa masa faɗinta da tsawonta da inda take zaune, sannan ya shiga ya riƙa danna maɓallai da kansa. Amma duk sanda Kubura ta sake shi, sai ya dawo da jimla ɗaya: "Ba a sami taga ba." Ga tagar kuwa a buɗe, tana kallonta.

Nomau ya ji ta tun daga tsakar gida tana tsaki, tana cewa an rasa taga. Ya ajiye fartanya ya ce, "Ko gona za ta koma daji, sai na samo wa yarinyar nan tagarta."

Wata rana, ranar Lahadi ce, ya leƙa ya tarar ta dafe kai. "Injiniya, me kike nema?" Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kawu, so nake in fara sanin tagogi nawa ne a buɗe, da sunan kowace." Nomau ya ɗauki hularsa ya fita. Ya bi unguwa gida gida, yana tsayawa a gindin kowace taga yana leƙawa. A gidan Baba Ladan mai gishiri ya ɗaga buhun da aka rufe taga da shi, ya yi sallama, ya tambayi matar gidan, "Iya, wannan a buɗe take ko a rufe? Kuma ya sunanta?" Amsar da ya samu ruwan wanke-wanke ne, kwano guda. Ya dawo da la'asar, rigarsa na ɗiga, ya ce, "Talatin da bakwai a buɗe, goma sha ɗaya a rufe, ɗaya mai faɗa. Amma Injiniya, ko ɗaya ba a yi mata suna ba. Ina jin a nan matsalar take." Kubura ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta ja shi gaban kwamfuta ta nuna masa irin tagar da take nufi. Ya daɗe yana kallo. "To ai da kin ce ta cikin gilashi."

Wata rana kuma, washegarin wannan, Kubura ta fara zargin ko tagar ba ta zama wuri ɗaya ne, shi ya sa Mai Gwaji yake kuskure ta. Ta riƙa jan ta da 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfuta, hagu, dama, sama, tana cewa, "Da zan samu ta tsaya cak, in san faɗinta da tsawonta, da na huta." Ta tashi yin sallar azahar. Nomau ya ruga shagon tela ya aro tef ɗin awo, ya biya ta wurin mai tireda ya sayo salatif. Kafin ta sallame, ya manne kusurwoyin tagar huɗu a jikin gilashin, ya ƙara ɗaya a tsakiya don ƙarfi. "Faɗinta inci tara, tsawonta shida da rabi," in ji shi. "Kuma na ɗaure ta, ba inda za ta." Kubura ta taɓa linzamin kwamfutar, taga ta sulale daga ƙarƙashin salatif ta koma gefe. Nomau ya ja da baya. "Innalillahi! Wannan ba taga ba ce, tarwaɗa ce." Sai da ta yi rabin awa tana kankare gam da farce.

Wata rana, Talata ke nan, saura kwana biyu, Kubura ta gano cewa duk tagar da ke cikin kwamfuta tana da wata lamba da ake kama ta da ita, wadda take kira mariƙi, kuma Mai Gwaji hannu rabbana yake dawowa, babu lambar. Ta faɗa wa Tabawa a bakin murhu, "Inna, mariƙin taga kawai nake nema. In na same shi, komai ya zo da sauƙi." Nomau yana bayan rumbu yana ji. A duk gidan taga ɗaya ce mai mariƙin ƙarfe, ta ɗakin Tabawa, wadda mai walda ya yi mata bara. Ya kwance shi da bakin wuƙa, ya goge shi da toka har ya yi ƙyalli, ya kai wa Kubura a kan faifai. Da yamma hadari ya taso, iska ta riƙa buga tagar Tabawa, feshi ya jiƙa mata katifa. Ta fito riƙe da muciya. "Malam, wa ya cire mini mariƙi?" Nomau ya ce, "Aro ne, Tabawa. Ranar Alhamis za a dawo miki da shi, in kwamfuta ta gama." Ta ce, "To kai ma sai Alhamis za ka ci tuwo, in tukunya ta gama."

Wata rana, wadda ita ce Laraba, ta ƙarshe kafin zuwan Malama Dije, Kubura ta wayi gari ido ja, amma ba ta saki ba. Ta sake rubuta Mai Gwaji daga farko, ta kashe kwamfuta ta kunna, ta sake shi. "Ba a sami taga ba." Nomau na tsaye a bakin ƙofa, a shirye, kuma tsayuwarsa a shirye ita ce abin da ta fi tsoro. Don ta ɗaure shi wuri ɗaya, ta miƙa masa takarda da fensir. "Kawu, zauna nan. Duk abin da ke fuskar kwamfutar nan ka kwafe mini shi yadda ka gan shi. Kada ka rage komai, kada ka ƙara komai." Ta fita tsakar gida ta sha iska.

Nomau bai iya karatun boko ba, saboda haka bai karanta komai ba, zana shi ya yi. Ya zana tagar rajista da sunan da ke rubuce a goshinta. Ya zana ta Mai Gwaji da ƙananan layukanta. Ya zana kibiya, ya zana tsagar da ke kusurwar gilashin, ya zana kashin ƙuda guda bakwai, kowanne a mazauninsa. Ya shafe awa biyu, harshe a waje.

Da Kubura ta dawo ta ga takardar, ta ce, "Kawu, har da kashin ƙuda?"

"Kin ce kada in rage."

"To sannu. Ka gama?"

"Na gama, amma akwai wadda ta ba ni wahala." Ya ɗora yatsa a kan sunan da ke goshin tagar, sannan ya gangara kan wanda ke cikin layukan Mai Gwaji. "Wannan da wannan na ɗauka tagwaye ne. Sai na ga ta saman nan ta sunkuyar da kai, ta ƙasan kuwa a miƙe take kamar soja."

"Duk ɗaya ne, Kawu. Rajistar ƙananan yara, nan da nan."

"Ba ɗaya ba ne. Ni na zana su."

Ta karɓi takardar don ta rabu da shi. A zanensa haruffan manya-manya ne, kowanne kamar ɗan yatsa. Na sama an rubuta ƙananan, da ƙugiya a kan harafin farko. Na ƙasa an rubuta kananan, babu ƙugiya. Kubura ta zauna a hankali. Sunan tagar a wayarta ta fara rubuta shi, mai haruffan Hausa, sannan ta tura shi cikin kwamfuta. Mai Gwaji kuwa a kwamfuta ta buga shi, wadda maɓallanta ba su san ƙugiya ba. Ta karanta layukan nan biyu ya fi sau ɗari, kullum idonta yana sa ƙugiyar da kansa, don ta san abin da kalmar take nufi. Kwamfuta ba ta sa wa kowa komai. Kwana huɗu ke nan Mai Gwaji yana kiran tagar da sunan da ba nata ba.

Ta goge harafi ɗaya, ta sa ɗaya. Ta saki Mai Gwaji. Lamba ta fito, faɗi ya fito, tsawo ya fito, sai kibiya ta tashi da kanta ta shiga danne-danne, sunaye suna gangarowa kamar an buɗe famfo. Kubura ta yi ihun da ya sa Tabawa ta yar da ludayi.

Ranar Alhamis Malama Dije ta zo, ta zauna, ta gyara tabarau. Yara dubu suka shiga kafin shayinta ya huce. Ta ce, "Mun ɗauka. Ki zo Litinin ki koya wa ma'aikata." Sannan ta zaro hankici daga jaka. "Amma gilashin nan naki ya yi datti."

Nomau ya yi tsalle ɗaya ya tare gaban kwamfutar da hannuwa biyu.

"Hajiya, a yi haƙuri, kada a taɓa. Ɗigo bakwai ne, na ƙirga su. Jiya 'yar ƙugiya ɗaya ta tsayar da gari, wa ya san aikin da waɗannan suke yi?"