Yadda Na Kankare Farantan Madam

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarar ledar burodi ce ta jawo mini komai. Da safe ne, ina tsaye a kicin ina dama koko, na ji ƙwaras-ƙwaras a bayana. 'Yata Hanifa ce ke ƙoƙarin zare yanka ɗaya ba tare da na ji ba. Na karɓe ledar zan ɗaure, sai idona ya faɗa kan wani ɗan rubutu a gefenta: gidan burodin na neman ma'aikata, kuma duk ma'aikacin da ke karatu a babbar makaranta suna taimaka masa da kuɗin makaranta.

Ni kuwa tun da na gama sakandare na yi aure, karatu yake tsaye a raina. Na riga na samu gurbin karatun ƙarshen mako a kwalejin horar da malamai, abin yin rajistar ne babu. Baban Hanifa direba ne a wani gida a Maitama, iyakar ƙoƙarinsa yana yi. Da na nuna masa ledar ya ce, "In za ki iya zirga-zirgar Kuje zuwa Gudu, bismillah. Allah Ya sa albarka."

Aka ɗauke ni. Mai gidan burodin Bayarabiya ce, kowa Madam yake ce mata, Hausarta irin ta Abuja, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Ta ce sai na gama watannin gwaji lafiya kafin su sa hannu a karatuna, in na yi wasa kuma ga hanya nan. Na ƙudurta a raina sai matar nan ta san ta ɗauki ma'aikaciya.

Aikina shara da wanke-wanke da ɗaure burodi a leda. To tun ranar farko wani abu ya tsone mini ido: farantan gasa kek, masu ramuka kamar tandar waina, baƙaƙe wuluk. (Ni da a layinmu ake turo 'yammata su ga yadda nake wanke gindin tukunya.) Na ce a zuciyata, Allah sarki, maza ne ke gashin nan, ina za su san wanke-wanke? Har tausayin Madam na ji, baiwar Allah, an mayar mata da kaya kamar na mai suyar ƙosai a tasha.

Ban tambayi kowa ba, so nake in ba su mamaki. Ranar wata Alhamis na ƙullo toka daga gida, na sayi sabon soson ƙarfe a bakin kasuwar Gudu. Da masu gashi suka tashi, na kwashi farantan na zauna gindin famfo, na yi bismillah na hau dirza. Baƙin nan ya yi taurin kai, ni ma na yi. Ina dirza ina salati har yatsuna suka saluɓe, amma sai da farantan suka fito fari tas, kana iya duba fuskarka. Na jera su a mazauninsu, na hau motar Kuje kafaɗa na ciwo, zuciya kuwa fes.

Washegari akwai odar kek na wani biki. Malam Audu, babban mai gashi, ya zo da sassafe ya ga farantai na ƙyalli, ya ɗauka sababbi Madam ta sayo, ya zuba kwaɓi ya tura wuta. Ni ban san wannan ba. Ina shigowa na tarar da ma'aikata sun yi da'ira a kan farantan nan, Madam na tsakiya. Na ce to, an gani ke nan. Har gyara zaman hijabina na yi.

"Wa ya kawo wannan faranti?" in ji Madam. "Ina baƙi nawa?"

Na matso gaba da murmushina. "Ai su ne, Madam. Ni na wanke su. Da toka."

Sai a lokacin na duba da kyau. Kek ya manne a ramukan ƙam, wanda aka samu aka ɓanɓaro kuwa ya fito gutsi-gutsi kamar dambu.

Malam Audu ya share gumi da gefen hularsa. "Maman Hanifa, baƙin nan ba datti ba ne. Da shi aka ƙera su, shi ke hana kek kamawa. Kin cire musu fata."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tuna amaryar da ke jiran kek ɗinta, na tuna rajistar da na gama sa rai da ita. Na zame na koma inda muke sallah, na yi kukana, har na rataya jaka zan kama hanyar gida kafin a kore ni a gaban mutane. Sai na ce a'a. In korar ce, a same ni ina aiki.

Na dawo na tambayi Malam Audu ko akwai dabara. Ya ce sai dai a shafe kowane rami da bota a barbaɗa fulawa, ɗaya bayan ɗaya. Na naɗe hannun riga. Da yatsun nan nawa masu zogi na shafe su kaf, aka sake kwaɓi, odar ta tafi a makare amma ta tafi.

Da la'asar Madam ta kira ni. Ta daɗe tana kallon yatsuna. Ta ce shafa botar ta zama aikina kullum har sababbin farantai su iso, sannan ta ƙara da cewa, "Hannunka akwai ƙarfi da yawa, Maman Hanifa. Kai shi wurin littafi, bar faranti na."

Har yau Hajiya Toka suke ce mini a wurin. Amma na gama gwajin, aka biya mini rajista. Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ma tana bukatar ta yi sallama kafin ta shiga kayan mutane. Yanzu ko cokali zan wanke sai na tambaya.

Asabar ɗin da zan fara zuwa aji, na shirya tsaf, na rataya jaka. Hanifa, wadda ta riga ta ji labarin a bakin babanta, ta rako ni har ƙofa ta riƙe gefen hijabina, fuskarta ba wasa.

"Umma, in kin je, allon makarantar haka yake baƙi. Ki bar musu kayansu."