Allon Tagullar Kaka Cyril

"Lafiya lau, in zaman jiran mutuwa lafiya ne," in ji Cyril Hodder, ko juyowa daga bakin taga bai yi ba.

Tun safe ake yayyafi. Shekara arba'in tsohon nan ya yi yana haɗa injin motocin gudu na masu hannu da shuni. A masana'antarsu mutum ɗaya ke haɗa inji daga farko har ƙarshe, in ya gama a ɗaura ɗan allon tagulla mai sunansa a jiki. Yanzu ido ya tafi, kunne kaɗai ya rage masa. Da ya ji wata tsohuwar motar da ya haɗa wa inji ta shigo garejin da jikarsa Tamsin ke aiki, sai ya bi ya ishe ta, shi dai a kai shi ya ji kukan injinsa ko sau ɗaya.

"Mutuwar ma ta ji labarin bakinka, shi ya sa take kewaye layin nan," Tamsin ta ce, ta miƙa masa shayi.

"Shayi ne wannan ko ruwan wankin kofi? Yaushe za ki kai ni?"

"Kai ina ruwanka da mota? Inji ɗari shida ka haɗa, amma a keke ka tsufa."

"Na tuƙa mai silinda shida a shekarar sittin da takwas, uwarki ma ba a haife ta ba."

"Tura ta ake yi, kai kana riƙe da sitiyari. Marigayiya matarka ta faɗa min."

"Sharri ta yi min, Allah ya ji ƙanta. Ke fa, mai gyaran mota da kwamfuta kamar 'yar duba?"

Tamsin ba ta rama ba. Shirun nan ne ya faɗar masa da gaba, don yarinyar nan ba a taɓa cin ta da baki ba.

"Kwana uku kina min kwana-kwana," ya ce. "Ido na rasa, ba hankali ba."

"Mai motar ya sa an cire injin, Kaka. Batir aka saka mata. Ta daina kuka."

"Wa ya cire?"

"Ni."

Wallahi abin ya yi masa ciwo. Ta karɓi kofin daga hannunsa, ta ɗora masa wani ɗan ƙarfe mai sanyi a tafi. Ya bi haruffan da yatsa, ya gane sunansa.

Can ya ce, "Noti huɗu ne ke riƙe da allon nan. Kin cinye musu kai wajen kwancewa ko?"

"Saura kaɗan su karya min wuyan hannu. Wane mugu ne ya ɗaure su haka?"

Tsoho ya tuntsire da dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Shekara hamsin da biyar, ko ɗaya bai saki ba."

Ya lalubo makulli a aljihu ya miƙa mata. "Kin ci. Akwatin sifanuna yana ƙarƙashin bene, ki tafi da shi. Ni na gama ɗaurewa."