Littattafan Kawu Grozdan da Ba Su Taɓa Ganin Wuƙa Ba

Ranar Litinin kwamitin gidan karatu na ƙauyenmu ya kwashe littattafanmu ɗari huɗu ya jibge a ɗakin ƙasa, kusa da buhunan dankali, inda ɓera ke sarauta. Wai wuri ake nema a jera na Kawu Grozdan Penkov, wanda ya ba gari kyautarsu bisa sharaɗin a kafa sunansa a bakin ƙofa.

To wa ya isa ya yi ƙorafi? Kawu Grozdan fa, Tekun Ilimi, Tabarau-a-Goshi, wanda ko tari ya yi sai ya jira a yaba. Duk Bulgeriya babu wanda ya daɗe da littafi kamarsa, kuma ni shaida ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Uwata ta ce tun yana aji uku ba ya rabuwa da littafin taswira, don a kansa yake zama ya sulalo daga tudun coci in ƙanƙara ta sauka. Da ya zama saurayi sai ya saƙale littafin waƙoƙi a hammata yana zarya a ƙofar su Radka. Da aka ɗaura aure, littafin ya samu aikin tokare ƙafar tebur. Yana zama manajan rumbun hatsi ya ji wani tsohon kantin littattafai zai rufe a birnin Plovdiv, ya tafi da igiyar awo, ya ce a ba shi littattafai mita shida, masu jan bango, su dace da labule. Da tsufa ya zo ya sayi tabarau ya ɗora a goshi. Can yake har yau.

"Ba na runtsawa," in ji shi, "sai na yi hira da marubuta uku."

Radka ta ce da minshari ake hirar.

Mu kuwa jahilai, namu littattafan sun sha wuya. Ga maiƙon cuku, ga ƙaurin gasasshen tattasai, wani ma akuya ta cinye masa babi guda. A cikinsu akwai wanda Gwaggo Donka take karantawa. Shekararta tamanin da shida. Sai da ta gama renon 'ya'ya ta samu sukunin zama da littafi, yanzu kuma ido yana dushewa, shafi biyu take iya yi a rana, a gindin tagar gidan karatun inda haske ya fi yawa. Saura mata shafi talatin ta san ko matuƙin jirgin ruwan da ke cikin labarin ya komo wa matarsa. Sai aka wuce da littafin ɗakin dankali.

Ranar bikin haruffa, da ƙasarmu ke yi duk shekara don girmama rubutu, aka buɗe sabuwar kantar littattafan. An kawo furanni, an kawo faranti uku na banitsa, wainar cukun nan tamu. Tekun Ilimi ya miƙe.

"'Yan uwa, fitila na kawo muku! Babu littafi ɗaya a nan da ban tauna na haɗiye ba."

Gwaggo Donka ta buga sandarta a ƙasa. "Grozdan, ɗan nan, tunda ka ɗauke min nawa, karanta mana inda ya fi maka daɗi a naka."

Ya zaro mafi kauri. Ya sauko da tabarau kan hanci, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya buɗe, littafi ya ƙi. Littattafan zamanin da haka suke fitowa, shafukansu a haɗe, sai mai karatu ya bi su da wuƙa yana tsagawa. Ya lashi yatsa, ya hura, ya girgiza.

"Kuskuren maɗaba'a ne," ya ce.

Ya zaro na biyu, haka. Na uku, haka. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma mutumin bai saduda ba, sai ya gyara kwala.

"Ni ba na wulaƙanta littafi da wuƙa. Ta gefe nake leƙawa."

Gwaggo Donka ta ɗauki wuƙar yanka banitsa, ta goge da gefen zanenta, ta miƙa masa. "Ungo, ɗana. Shekara arba'in bawan Allah yana jiran ka da baki a ɗinke."

Duk ɗakin babu wanda ya kai Radka dariya.

To, 'yan kwamiti, da ku nake. Ku hauro mana da littattafanmu kafin Lahadi, tun ɓera bai riga Gwaggo Donka sanin ƙarshen labari ba. Allon sunan ku bar shi, ba ya cin wuri. Shi kuma Kawu Grozdan ku ajiye masa kujera a gindin taga, da wuƙa, da littafi ɗaya. Gwaggo Donka ta ce za ta nuna masa ta inda ake farawa.