Kogon da Na Ce Na Yi Salla a Cikinsa

Ba zan taɓa mantawa da falon wani likita Ba'indiye a unguwar Badi'a, can ƙasar Larabawa ba, domin a nan bakina ya kusa mayar da ni Kano ba shiri.

Lokacin saura mako biyu iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta mutu. Kamfanin da nake wa tuƙi ya rufe, kuma idan ban sami sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini ba, sai jirgi. Wani abokina a unguwar Batha ya haɗa ni da likitan, wanda ke neman direban da zai riƙa kai 'ya'yansa makaranta. Na je da niyyar in yi shiru sai an tambaye ni. (Niyyar ba ta yi minti biyar ba.)

Ina zama sai na hango hoto a bango: ƙaton dutse, matakala, mutane na hawa cikin fararen kaya ba takalmi, wasu kai a aske tal, can sama ga bakin kogo. Na ce a raina, ai Kogon Hira ne na Makka, ga hanyar shiga zuciyar mutumin nan.

"Masha Allah, Dakta, ai na san wurin nan! Na hau har sama, na shiga ciki na yi salla."

Ya miƙe zumbur. "Da gaske, abokina? Ka je garinmu?" Ya ƙwala wa matarsa kira, ta fito daga kicin hannu duk fulawa, fuska cike da murna.

Da Larabcinta na kasuwa ta hau yi mini tambayoyi. Na kaɗa ƙararrawar bakin ƙofa? Na ga lokacin da ake zuba wa dutsen tsakiya madara? A ina na fasa kwakwata?

Na ce, "Madara kuma?"

Sai a lokacin na matsa na dubi hoton da kyau. Ginshiƙai ne sassaƙaƙƙu, da fitilun mai, da furanni, da wani gunki mai kan giwa yana kallona. Likita na ta bayani cewa wurin bautarsu ne na Hindu, kakanninsu suka fafe shi cikin dutse guda shekaru aru-aru, a can ma aka yi masa askin farko. Ni kuwa gumi nake, ga na'urar sanyi na aiki. In na ci gaba da ƙarya, na tabbatar da bakina na yi salla gaban gunki. In na janye, na zama maƙaryaci a ranar neman aiki.

Na sunkuyar da kai. "Dakta, ka yafe ni. Na zaci kogonmu ne na Makka."

Sai matar ta ce a hankali, "To shi naku, yaya cikinsa yake?"

"Madam, shi ma ban hau ba. A gindin dutsen na zauna na sha shayi."

Likita ya yi dariya har da riƙe kujera. Da ya share hawaye ya ce, "Direban da in ya ɓata hanya zai ce ya ɓata nake nema. Gobe ƙarfe shida."

Na fito na jingina da bango na yi hamdala har na rasa adadi. Tun daga ranar, ko hoton gidanmu aka nuna mini, sai na fara tambaya: "Nan ina ne?"