Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma ba za a bar ni ba, don har yau akwai masu tuna mini in mun haɗu a kasuwar Azare. Lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, shekarun nan da wayar salula ta fara shigowa gari, mai ita yana rataye ta a ƙugu don kada wani ya wuce bai gani ba. Ƙungiyar iyayen yara ta sayo wa makaranta kwamfuta guda ɗaya irin ta kan tebur, allo mai ƙaton ƙeya da farin akwatin inji da firinta. Da aka duba malamai kaf, ni kaɗai na taɓa zama a gaban irinta. Na yi kwas na wata uku a Kano (wata biyu ne da 'yan kwanaki, amma takardar shaida ta ce uku, ni kuwa ba na musu da takarda). Nan take Firinsifal ya damƙa mini makullin ofishin da aka ajiye ta, malamai suka laƙaba mini Injiniya. Ban hana su ba. Har waiwayawa nake yi kafin a gama faɗa.

Kun san mu, abu mai daraja ba ma barinsa tsirara. Talabijin ɗin gidanmu na da mayafinta na saƙa, rediyon mahaifina na da jakarsa ta fata, babur ɗina kuwa ya shekara biyu ban cire masa ledar kanti ba. To ina ga kwamfuta? Aikin farko da Injiniya ya yi shi ne auna akwatin injin da igiya. Na tafi wajen mai ɗinkin kujerar babur a bakin tasha, na zaɓi baƙar leda mai kauri, na ce a sa soso ta ciki, a yi zif ta baya, a bar ƙofa kaɗan wajen makunni da wajen sa faifai, sai 'yar huda ta wayoyi. Mutumin ya tambaye ni ramukan da na ce akwai a baya da gefen akwatin, a bar musu wuri? Na ce ai su ne ma dalilin ɗinkin, ta nan ƙura da kyankyasai ke shiga. Ya ɗinka ta cif, har ya ƙawata ta da jan zare. Da Firinsifal ya gani ya ce duk ƙasar Katagum babu kwamfutar da ta samu gata irin tamu, ni kuma na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Wadda za ta riƙa aiki da ita ita ce Hajiya Talatu, mai buga mana takardu. Ta fi shekara ashirin tana kan tafireta, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, saura shekara biyu ta yi ritaya. Ni aka ce in koya mata. Cikin mako guda ta iya abin da na yi wata uku (to, biyu da 'yan kwanaki) ina koyo, tana bugawa da yatsu goma ba ta ko kallon hannunta. Gaskiya abin bai yi mini daɗi ba.

Muna shiga bazara, jarrabawa ta matso, sai bala'in ya fara. Hajiya za ta zauna da ƙarfe goma tana buga tambayoyi, in an yi kamar awa guda sai allon ya rikiɗe ya koma shuɗi, farin rubutun Turanci da lambobi su cika shi, komai ya tsaya cak. A kashe a kunna, abin da ta buga ya tafi. Sai a aika a kira Injiniya daga aji. In zo, in tsaya a gaban allon, in riƙe haɓa, in ce "hmm" sau biyu, in kwafe lambobin a ɗan littafina. A duk rubutun nan layi ɗaya nake ganewa, wanda ke cewa a danna kowane maɓalli. Nakan danna, wani lokaci har duka, don kada a ce ban bi umarni ba.

Da farko na ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, kuma faifan Mataimakin Firinsifal ne ya kawo ta. Na hana shi shiga ofishin, bawan Allah ya yi mako biyu yana gaishe ni da kunya. Allo bai fasa yin shuɗi ba. Na ce to wuta ce ba ta da ƙarfi, aka sayo sitabilaiza. Na ce janareta ne, aka kira makaniki ya kwance shi ya ɗaura. Na sa aka sauya maus, ɗan abin nan da ake ja da hannu a kan tebur. Da duk wannan bai yi ba, na yanke shawarar yin babban aiki, na wanke ƙwaƙwalwarta tas na sake zuba mata komai sabo, na manta ban kwashe tambayoyin aji uku da Hajiya ta sha wahalar bugawa ba. Ta dube ni, ta dubi allon, ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta jawo takardun ta fara daga farko. Bayan awa guda shuɗin nan ya dawo.

A cikin kwanakin ne ta ce da ni, "Malam, ni dai ba ilimin abin gare ni ba, amma in ta jima tana aiki sai in ji tana wani nishi. Ko a ɗan cire mata rigar nan ta sha iska?"

Na yi dariya har da buga tebur. Na ce, "Hajiya, kwamfuta ce fa, ba tunkiya ba." Na kai labarin ɗakin malamai, aka sake yin wata dariyar. Wata Alhamis kuma na shigo da azahar na tarar an zuge zif ɗin, an tattare rigar gefe. Na yi faɗa sosai, na ce da ita kayan gwamnati da na iyaye ba abin wasa ba ne, na mayar da rigar na ja zif har ƙarshe. Ta koma kan takardunta.

Daga nan ne na zauna na yi tunani irin na malamin lissafi. Kullum da sassafe ni ke fara kunna ta, in yi minti ashirin ina wasan kati (a rahoto nakan rubuta "gwajin inji"), kuma ba ta taɓa yi mini shuɗi ba. Hajiya na zama, sai ta yi. To me ya rage? Na je na samu Firinsifal na ce, "Ranka ya daɗe, na gano matsalar. Hannun Hajiya ya saba da tafireta, dukan maɓallan take yi, girgizar na bin waya har cikin ƙwaƙwalwar injin." Na haɗa da kalmomin Turanci uku masu tsawo. Ya gyaɗa kai, ya ce dama shi ma ya yi zargin haka.

Abin da ban zata ba shi ne nisan da maganar za ta yi. Firinsifal ya ce tunda haka ne za a nemi ofishin ilimi su musanya Hajiya da wani mai sabon hannu, gurbin da za a mayar da ita kuwa a Sakwa yake, gari mai nisa da Azare. Ni na tsara wasiƙar, na buga ta da kaina, na adana ta a kwamfutar, saura sa hannu. Da Hajiya ta ji, ta same ni a baranda ta ce, "Malam, Sakwa? Da yara huɗu a makaranta a nan?" Na ce wallahi ba ni ba ne, inji ne ya nuna. Na faɗi haka ina kallon idonta, kuma na tafi gida na ci tuwo na ƙoshi.

Allah ya taimake ta da Alhaji Sule, shugaban ƙungiyar iyaye, wani ɗan kasuwar hatsi da ba ya sayen buhu sai ya soka masa hannu. Ya ce kafin a tayar da mace daga garinta yana so ya gani da idonsa. Ya ce Injiniya ya zauna ya yi irin aikin da take yi, tsawon lokacin da take yi, a ga bambanci. Na ce ai wannan shi ne adalci. Har sabuwar hula na sa.

Ranar Litinin da hantsi muka taru. Firinsifal da Alhaji a kan kujeru, Hajiya a lungu kusa da tsohuwar tafiretarta, sai Baba Buba, tsohon direban motar makaranta, mutumin Gadau, yana zaune a benci bakin ƙofa yana jiran a aike shi. Na zauna na fara bugawa da yatsu biyu, a hankali, ina yi ina bayani. "Kun gani, Alhaji? Lallaɓa ta ake yi. Ba a dukanta." Minti ashirin, lafiya lau. Minti talatin, na fara murmushi ina satar kallon Hajiya. Ban kai arba'in da biyar ba, ina tsakiyar cewa ilimi daban ne da sabo, allon ya yi shuɗi.

Alhaji Sule ya gyara zama ya ce, "Injiniya, kai ma da ƙarfi ka danna?"

Na ce a'a, wannan ragowar illar da aka riga aka yi mata ce. Na kashe na kunna. Minti goma, shuɗi. Na sake, wannan karon ko gama tashi ba ta yi ba. Gumi ya jiƙa mini sabuwar hular, na jawo ɗan littafina na fara kwafe lambobi don dai hannuna ya samu abin yi. Sai wani wari ya fara tashi, irin na kujerar babur da aka bari a rana.

Baba Buba ya shaƙi iska, ya tashi ya shigo. Ya ɗora tafin hannu a kan rigar, ya janye da sauri. Ya sunkuya ya kara kunne. Ya ce, "Malam, a gafarce ni, abin nan fanka gare shi a ciki?"

Na ce eh, akwai 'yar fanka.

"To iskar daga ina take samu?"

Na gyara zaman hulata. Ya ce, "Ni dai shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa ganin an lulluɓe lagireto da bargo an hau hanya ba. Duk injin da aka sa wa fanka, iska yake nema." Bai jira izinina ba, ya ja zif ɗin. Zafin da ya fito har Alhaji ya ja kujerarsa baya. Soson ciki ya manne a ramukan nan da na biya aka toshe, fankar ta tsotsi gutsattsarinsa ta cika baki da su. Baba Buba ya tsince su da tsinken ashana, ya hura, ya ce a bar ta ta huce kamar yadda ake yi wa mota.

Firinsifal ya juyo ya tambayi wanda ya sa mata wannan abu, kamar ba shi ne ya yaba ba. Kafin in nemo amsa Hajiya ta yi magana daga lungunta, murya a kwance. "Ranka ya daɗe, ranar Alhamis ɗin da na cire mata, tun goma nake aiki har azahar ba ta tsaya ba. Na so in faɗa wa Malam, to yana cikin faɗa."

Da an ba ni zaɓi a lokacin, ni da kaina zan tafi Sakwa, a ƙasa ma.

Da injin ya huce, Alhaji ya ce Hajiya ta zauna. Ta zauna ta dinga dukan maɓallan nan da yatsu goma, ƙarar har baranda, aka yi azahar aka dawo tana yi, aka kusa la'asar allo bai ko ƙifta ba. Takarda ta ƙarshe da Firinsifal ya ba ta ta buga ranar ita ce ta tuhumata, in yi bayanin dalilin da ya sa aka sayi sitabilaiza da maus aka kwance janareta. Ta fitar da ita daga firinta ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Malam, duba ko na danna da ƙarfi." Wasiƙar Sakwa kuwa Alhaji ya ce wanda ya rubuta shi zai goge, a gaban kowa. Sai da na yi ta laluben inda na adana ta, Hajiya ce ta nuna mini.

Dariyar malamai ba ta dame ni ba kamar yadda abu ɗaya ya dame ni. Matar nan ta faɗa mini gaskiya tun farko, a cikin ladabi, na mayar da ita abin dariya, sannan na kusa raba ta da gidanta don kada a ce Injiniya bai sani ba. Washegari na je har gida na ba ta haƙuri a gaban babban ɗanta. Ta ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da na tashi tafiya ta ce tana da roƙo guda, in ba na bukatar rigar nan in ba ta.

Na ba ta. Tun daga ranar, a ciki take sako kular abincinta in za ta zo aiki, har ta yi ritaya a Azare. Takan buɗe da azahar tururi na tashi, ta leƙo ta ce, "Injiniya, bismilla. Wallahi ɗinkin nan naka yana riƙe zafi."

Yanzu in na'ura ta lalace a gabana, kafin in riƙe haɓa in ce "hmm", nakan fara tambayar wanda yake wuni da ita ko ya ji tana nishi. Ledar babur ɗina ma tun a makon da abin ya faru na cire ta.