Rasuwar Doña Eduviges, Kwamfutar da Ba Ta Ƙarasa wa Kowa Zance

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun safiyar Talata, Yurany Ocampo ke sanar da abokan aiki rasuwar Doña Eduviges, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinta a nan birnin Manizales na ƙasar Kolombiya. Ta rasu a bakin aiki, bayan doguwar jinya.

Ga wanda bai san gidan ba, kamfanin yana gina wakilin na'ura ne, wanda zai riƙa karɓar saƙon masu ciwon suga a ƙauyukan gonakin kofi yana tura musu allurarsu. Wakilin ba ya ganin kayan aikinsa da ido. Akwai na yin odar allura, da na ɗage ta, da na soke ta, kowanne sai an rubuta masa 'yan layuka a kan abin da yake yi da lokacin da za a taɓa shi. Yurany ce ke sa hannu cewa rubutun ya yi. Alƙalinta kuwa marigayiya ce.

A cikin marigayiya akwai wata ƙaramar basirar na'ura ta yayin da, mai nauyin kai, kuma nauyin kan nan shi ne mafi kyawun halinta. Ba ta taɓa ƙarasa wa mutum zancen da ya bari a rabi ba. In bayani ya cika, sai ta yi ƙit, ta ɗauki kayan aikin da ya dace. In akwai giɓi, fankarta ta ja wuuu, ta faɗa cikin giɓin da ƙafa biyu a gaban kowa.

Duván, mai rubuta bayanan, shaida ne. Ya taɓa rubuta bayanin kayan soke oda bai faɗi cewa abin da aka soke ba ya dawowa ba. A gwaji, wani majiyyaci na ƙarya ya ce zai yi tafiya, a dakata masa, sai marigayiya ta soke allurarsa gaba ɗaya. Duván ya kira ta tsohuwar banza, ya ce duk mai hankali ya san abin da yake nufi. Yurany ta ce masa ranar da abin zai faru da gaske, mai hankalin yana gida yana cin arepa, wainar masara. Ya gyara yana ƙunƙuni.

Tokar da dutsen Ruiz mai aman wuta ke yayyafa wa gari ce ta toshe mata numfashi. Ranar Talata, tana tsakiyar duba bayanan da za a miƙa ranar Juma'a, ta yi kar-kar-kar, ta ja wuuu ɗin da bai ƙarasa ba, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar allo mai tabo a kusurwa, da linzamin da sai an buga shi da teburi, da bayanan da ba ta kai ga yanke musu hukunci ba. Ta kuma bar magajiya, wata sabuwar basira mai sauri da ladabi da maigida Don Nicanor ya ɗauko haya. Yurany ta gwada ta da tsohon bayanin Duván mai giɓi, ta wuce da shi lafiya. Ta goge rabin bayanin ta sake ba ta. Magajiya ta cike sauran da hasashe, ta dace, har da yaba wa marubuci. Don Nicanor ya ce to ga shi komai ya yi kore a allo, an ci gwaji, a sa hannu a huta.

Yurany ba ta sa ba. Tun lokacin tana tsakanin taga da teburi, ta zuba kofi ta manta da shi, ta zauna ta miƙe, ƙafarta na laluben marigayiya a ƙarƙashin teburin. Tsoro take ji, ba ta ɓoye ba. Mai hasashe yana dacewa ne har ranar da bai dace ba, kuma ranar nan ba majiyyacin ƙarya ba ne, wata tsohuwa ce a kan tsauni da za ta buɗe firij ta tarar babu allura.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da la'asar a ƙofar ofis, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauke ta a amalankensa. Akwai kofi da buñuelos, irin fanken nan garin. Ba a bukatar furanni. Duk wanda ya rubuta bayani ya zo da shi a hannu, domin bayan an tafi da gawa Yurany za ta ja kujera ta zauna a gurbin marigayiya, kowa ya karanta nasa da ƙarfi, ita kuma ta aikata abin da aka rubuta kawai. An roƙi Duván ya zo da wuri. Kada kuma wanda ya ce mata ai ta san abin da yake nufi. Daga ranar Alhamis ba ta san nufin kowa ba.